Minti Uku

Shekara talatin da ɗaya ina gyaran injin wanki a Leipzig.
Kunnena ya san kukan bel idan ya gaji,
ya san tarin famfo idan tsabar kuɗi ta shaƙe shi.
Ban taɓa kiran wannan kiɗa ba.
Ciwon baya ne, kuɗin haya ne.

Sai Henrike, 'yar ƙanwata,
ta faɗo shago wata Talata, ruwan sama na ɗiga daga gashinta,
ta durƙusa gaban wani tsohon inji mai ɗingishi,
ta kara masa makirfo a ciki kamar likita.
"Kawu, kada ka gyara shi tukuna,
bari ya sake wannan gurnanin."
Na ce mai shi tana jira.
Ta ce, "Minti uku."
Sai da shayina ya huce sau biyu.

Wata biyu shiru.
Sai saƙo: Asabar, sha ɗaya na dare,
ɗakin ƙasa na tsohuwar masaƙa, ƙofar da ba ta da suna.
Sha ɗaya! Lokacin da nake kashe fitila.

Na je, cikin kwat ɗin da nake zuwa jana'iza.
Wani dogo, Malte, ya buga mini tambari a wuyan hannu,
shuɗin kifi, kwana huɗu ina gurzawa bai fita ba.
Ba mu kai mutum sittin ba,
amma bango har gumi yake yi.
An rataye zanin gado, a kansa bidiyo na gudu:
jirgin titi yana tafiya da baya,
wata tsohuwa tana ɓare lemo ba gaggawa,
dusar ƙanƙara tana komawa sama inda ta fito.

'Yan mata uku suka fara, jita biyu da ganga,
murya kamar ta wanda aka tasa daga barci.
Tsirkiya ɗaya ta tsinke a tsakiyar waƙa,
suka kalli juna, suka tuntsire,
suka ƙarasa da sauran biyar.
A nan suka saye ni.

Sai aka rage wuta.
Henrike a bayan tebur, wayoyi sun cukurkuɗe kamar taliya,
ta taɓa wani maɓalli da ɗan yatsa.
Dum. Taka-dum. Gurrr.
Tsigar jikina ta tashi.
Na san shi!
Injin Uwargida Oelsner ne, mai cinyayyen boris,
wanda na gyara a kan yuro arba'in.
Ga shi yana fitowa daga lasifika ya fi ni tsayi,
yana dukan haƙarƙarina ta ciki,
yara suna rawa da ido a rufe
a kan laifin da na kwana ina zagi.

Na kama hannun wani da ban sani ba,
na yi masa ihu a kunne: "Boris ne! Boris ne ya ci!"
Ya gyaɗa kai, ya ɗauka sunan mawaƙi ne.

Ban ce na yi rawa ba.
Gwiwata ce dai ta yi abin da ta ga dama.

Yanzu wayata cike take da sunayen da ban iya faɗa ba,
wasu daga Tallinn, wani yaro mai haɗa kiɗa a ɗakin girkin uwarsa,
mutum ɗari biyu kacal suka kalli bidiyonsa,
tara daga ciki ni ne.
Ina da tikitin Juma'a a aljihun gaba, kusa da sukundireba.

Jiya a hawa na huɗu,
wani inji ya yi mini wata irin shessheƙa da ban taɓa ji ba.
Mai gidan ta leƙo, kwandon kaya a ƙugu:
"Ya mutu ne?"
Na ɗaga mata hannu, na ciro waya.
Na ce, "Minti uku."